Na'urar tauraron ɗan'adam a tafiyar babur zuwa arewa: in ka danna, wa zai zo?

Awal Sawaba: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka sani. Bayan Babbar Sallah ni da Fuseini za mu hau babura daga Kumasi zuwa garin Wa ta Wenchi, Bamboi da Bole, mu wuce Tumu, mu sauko ta Navrongo da Bolga, mu dawo gida ta Tamale. Yayana da ke Amurka ya kafe sai ya aiko min da na'urar nan mai nuna inda mutum yake ta tauraron ɗan'adam, mai maɓallin neman agaji. Ya turo hotuna uku in zaɓa: Garmin inReach, SPOT, da wata da ya ce sunanta PLB. Ni a idona duk ɗaya suke. Akwai wanda ya taɓa riƙe irinsu a nan Ghana? Kuma tsakani da Allah, in na faɗi tsakanin Han da Tumu na danna maɓallin, wa zai zo?

Mudi Magazin: Wa alaikumus salam. Ka ce masa ya turo kuɗin kawai. Kawo mashin ɗin wurinmu a Suame in sa maka tiraka, kana kwance a ɗaki kana ganinsa a waya, in an sace ma ka kashe injin daga nesa. Sauran canjin ka sha mai da shi.

Rashid Tafo: Maigida Mudi, ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Tirakar da kuke sa wa babura tana jin inda take daga taurarin GPS, wannan gaskiya ne. Amma GPS saurarensa kawai ake yi, ba a mayar masa da magana. In tiraka ta san inda take, sai ta nemi hanyar gaya maka, hanyar kuwa ita ce ɗan sim ɗin da ke cikinta. Duk inda wayarka ta rasa sabis, ita ma bakinta ya mutu. Don ɓarayin cikin gari, daga Aboabo zuwa Kejetia, tana da amfani ƙwarai. Dajin da Awal ke magana kuwa ba aikinta ba ne. Waɗanda yayansa ya turo kai tsaye suke aika saƙo sama, ba ruwansu da ƙarfen sabis.

Mudi Magazin: Yanzu ai ko'ina akwai sabis.

Fuseini: Kawu Mudi, ko'inanku daga Suame zuwa Asawase ne. A kan babban titi, Techiman, Kintampo, Buipe har Tamale, to, yawanci ana samu. Sauka daga kwalta ka shiga burji ka gani. Layi biyu gare ni na kamfani daban-daban, kuma akwai wuraren da tare suke ɗaukewa. A ƙauyen kakata har gobe akwai tudun da ake hawa in za a yi waya, kowa ya san shi.

Baba Issaka: Yara, ku saurara. Na hau babur zuwa Bawku tun ba a san wayar hannu ba a ƙasar nan. Abin da ke kashe mai babur ba rashin na'ura ba ne. Tafiyar dare ce, da gudu, da taya da ta cinye, da hular kwanon da aka rataya a hannun babur ana jiran a hango ɗan sanda kafin a sa. Kuɗin wannan abu zai saya wa kowannenku taya biyu sababbi, da birki, da hula ta kirki, har a yi saura. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Salaga da ƙafa da jakuna, ba wanda ya taɓa fita shi kaɗai. Ayari ake yi, da madugu a gaba, kuma ana sanin zangon da za a kwana tun kafin a tashi. Ku biyu ne, alhamdulillahi. In ɗaya ya faɗi ɗaya ya nemo mutane.

Fuseini: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku dutse ce. Sai dai abin da ke damuna shi ne wannan na ƙarshen. In Awal ya faɗi yana zubar da jini, in bar shi a daji shi kaɗai in tafi neman tudu? In kuma na zauna da shi, wa zai je?

Baba Issaka: Sai ku zama uku.

Awal Sawaba: Baba in za ku zo ai mun gama magana.

Baba Issaka: Gwiwa ta ƙi, ɗana.

Rashid Tafo: Bari in rarrabe ukun nan, don sun sha bamban fiye da yadda hoto ke nunawa.

PLB ita ce tsohuwar hanya, kuma ta gwamnatoci ce. Tsarin sunansa Cospas-Sarsat, Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka haɗa shi, ya fara ceton mutane a 1982, asali don jiragen sama da na ruwa. Tana aika kira a kan zangon rediyo na megahaz 406, da ƙarfi sosai, kuma ba a biyan ko kwabo wata-wata. Batirinta na iya zama shekara biyar ko fiye ba a taɓa shi ba, in an kunna kuma dole ya yi aƙalla awa 24 yana kira. Amma aikinta ɗaya tak: ihu. Ba ta nuna wa gida inda kake a hanya, ba ka iya rubuta abin da ya same ka, ba a iya tambayarka. Sababbin cikinsu suna da ɗan haske da ke nuna maka an ji kiran, shi ke nan. Kiran da ya tashi daga Ghana kuma cibiyar Sifaniya da ke Maspalomas ce ke miƙo shi ga hukumomin nan. Najeriya ce ke da tata cibiyar a Abuja. Ga kuma rajista: wadda aka saya a Amurka da lambar Amurka take zuwa, can ake rubuta sunan mai ita.

SPOT tana amfani da taurarin Globalstar. Ƙaramar, Gen4, aikawa kawai take yi: tana ajiye maka sawu a taswira, tana da maɓallin “ina lafiya” da na agaji, amma ba ta karɓar amsa. Su taurarin Globalstar sai sun hango tashar ƙasa kafin su sauke saƙo, don haka ƙarfinsu ba ɗaya ba ne a ko'ina. Duk wanda zai saya ya buɗe taswirar kamfanin ya duba Afirka ta Yamma da idonsa, kuma ya duba ta irin na'urar da zai saya, don ta mai aikawa kawai daban take da ta mai karɓar amsa.

inReach kuwa a kan Iridium take. Taurari 66 ne ke zagaya duniya a nisan kusan kilomita 780, suna miƙa wa juna saƙo a sama har ya kai inda za a sauke shi, shi ya sa babu inda ba su kai ba. Da ita kana rubutawa a ba ka amsa, kamar saƙon tes, harafi 160. Ƙaramar, Mini 2, giram 100 ce, kuma kamfanin ya ce caji ɗaya na kai kwana 14 in tana aika wuri duk minti goma a fili. In ka danna agaji, kiran na zuwa cibiyar kamfanin Garmin a Teksas, su kuma su nemi hukumomin ƙasar da kake, su kira mutanen da ka rubuta.

In ni ne, mai amsa zan ɗauka, ko da ta fi tsada.

Awal Sawaba: Nawa muke magana?

Rashid Tafo: Ita kanta wajen dala 400 aka fito da ita. Sai kuɗin wata, wanda ya danganta da yawan saƙo da sawun da kake so, da kuɗin buɗewa na farko. Da dala ake biya ta katin banki, don haka duk ranar da kuɗinmu sidi ya yi tuntuɓe kai ma za ka ji a jikinka. In kuɗin wata ya yanke, maɓallin agajin ma na iya mutuwa. Wannan shi ne abin da ya kamata ka daidaita da Yaya tun yanzu: ba sayen ba, wa zai riƙa biya.

Baba Issaka: Kun ji ko. Abu sai ka ciyar da shi duk wata ko ka hau ko ba ka hau ba.

Shamsu: Ni fa na ji iPhone na yin wannan kyauta. Ba sai a ari ta wani ba?

Rashid Tafo: Daga iPhone 14 zuwa sama akwai, tun 2022, amma a ƙasashen da aka buɗe wa kaɗai yake aiki, kuma Ghana ba ta cikinsu. Kada ka dogara da shi. Ko da yana aiki ma, waya ce ke fara fashewa in an faɗi.

Salisu Rijiya: Salam. Yanzu na buɗe waya na tarar da wannan. Aikina haƙar rijiyar burtsatse ne, rabin shekara a arewa nake yi, kuma wurin aikinmu sun ba mu irin mai amsar nan, don mu ne ke shiga gaba da babur mu duba wuri kafin babbar mota ta zo. Awal ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma har yanzu ba a amsa ta ba: wa zai zo?

Amsar ita ce, mutanenka. Ku cire hoton jirgi mai saukar ungulu daga ranku, wannan na tallar Turawa ne. Wanda ke zaune a Teksas mutumin kirki ne, zai ga lambobin wurin da kake a kwamfuta, zai buga waya. Amma bai san cewa gadar da taswira ke nunawa ruwa ya cinye ta tun damina ba, bai san wane ƙauye ke da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba, bai san yaren da zai yi da wanda ya ɗauka ba. Motar asibiti kuma a hedikwatar gunduma take zama. A 2020 gwamnati ta raba guda 307, kowace mazaɓa ta samu, an gode. Amma ku dubi faɗin gunduma ɗaya a ƙasar Sisala ko ta Gonja, ku lissafa mota ɗaya, wadda wataƙila ta riga ta tafi da mai naƙuda.

Da damina wani abokin aikina ya zame a bakin kwalbati, ƙafarsa ta karye ƙasan gwiwa. Ba sabis, ba gida kusa. Ban danna maɓallin agaji ba sam. Saƙo na rubuta wa mai kula da mu a Tamale, na ce ga abin da ya faru, ga inda muke, yana magana, jini ba yawa. Shi kuma ya san yankin, ya kira wani malamin makaranta a garin da ke gabanmu inda akwai sabis, malamin ya tashi mai aboboya, aka shimfiɗa katifa a baya aka zo. Kafin mu isa asibitin gunduma an riga an gaya musu muna tafe. Duk wannan na'urar ba ta yi komai ba illa ɗaukar magana daga inda waya ba ta iyawa zuwa kunnen wanda ya san abin yi. Da ba mu da wannan mutum a Tamale, da na'urar ado ce.

Mudi Magazin: To me ya hana ka danna? Ba don shi aka saye ta ba?

Salisu Rijiya: Da ransa na cikin haɗari da na danna, in kuma rubuta wa namu a lokaci guda. Biyun ba sa hana juna. Amma karaya ce, kuma na san hanyarmu ta fi sauri. Sannan ku sani, danna maɓallin ba ya nufin wani zai biya maka kuɗin ɗauko ka ko na asibiti. Inshorar wannan daban ake sayenta.

Memuna Nas: Yaya Salisu ya faɗi abin da nake ta son faɗa. Mu a wurin aiki, bambancin “wani ya faɗi a wuri kaza” da “namiji ne, hankalinsa na nan, cinya ta karye, jini ya tsaya” ba ƙarami ba ne. Na biyun yana gaya mana me za mu tanada, kuma ko a kawo shi wurinmu ko a wuce da shi babban asibiti kai tsaye, Tamale ko Wa, kada a ɓata awa biyu a inda ba za a iya masa komai ba. Shi ya sa nake bayan mai amsa. Ta nan kuma za a iya gaya wa na kusa da shi abin da zai yi kafin a zo.

Tunda an taɓo nan, Fuseini da Awal ku riƙe waɗannan. In mutum ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko hankalinsa ya gushe amma yana numfashi, kada ku fizge masa hula, kada ku ɗaga shi zaune, kada ku ɗura masa ruwa. In jini na zuba, ku danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ku ci gaba da dannewa, ba a ɗagawa ana leƙe. Kuma ba faɗuwa kaɗai ba ce. Yankin da za ku bi ƙasar kububuwa ce, mutum ya tsaya kama ruwa a ciyawa da magariba ta sare shi. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana shi tafiya, a nufi asibiti. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da maganin dafi ba, to a nan saƙo ɗaya zuwa gida, a bincika muku inda yake, ya fi muku gudun kilomita hamsin zuwa inda babu.

Shamsu: Anti, jiragen nan marasa matuƙi na Zipline ba za su iya jefo wa mutum magani a daji ba?

Memuna Nas: A'a ƙanena. Tun 2019 suke aiki a ƙasar nan, suna kai jini da magunguna, amma asibiti suke kai wa, kuma ma'aikacin lafiya ne ke nema. Maganin dafi ma ba abin da za ka yi wa kanka a gindin bishiya ba ne, ta jijiya ake ba da shi ana lura da mutum.

Awal Sawaba: Na gode Anti, na adana wannan. Malam Salisu, a ina kake ɗaura taka? Na ga ana sayar da abin maƙala ta a hannun babur.

Salisu Rijiya: Kada ka soma. A jikinka. In ka faɗi, kai da babur ba wuri ɗaya kuke sauka ba, shi ya yi cikin rami kai ka yi gefe, kuma da karyayyar ƙafa taku goma tafiya ce mai nisa. In 'yan fashi ne kuma, babur za su ɗauka su bar ka. Ni a saman igiyar jakar baya nake maƙala ta, wajen kafaɗa, kan eriyar na kallon sama, inda kowane hannu zai iya kaiwa. Wasu na cewa abu mai tauri a kan ƙashin wuya na iya ji maka ciwo in ka faɗi a kansa, su sun fi son aljihun sama na jaket. Duka biyun sun fi akwatin ƙarfe na baya, inda ba ta ganin sama ko kaɗan.

Rashid Tafo: Ganin saman nan a kula da shi. A filin arewa ba matsala. Amma a nan kudu, cikin gonar koko ko ƙarƙashin manyan itatuwa, saƙo na iya daɗewa bai fita ba. Akwai kuma wani abu: taurarin Iridium ta kan ƙuryar arewa da ta kudu suke zagayawa, can suke cunkushewa, a tsakiyar duniya kuma su warwatsu. Mu kuwa Kumasi ba ta kai digiri bakwai daga tsakiyar ba. Don haka in ka aika ka ga ta ɗan yi jinkiri, ba lalacewa ta yi ba, fita fili ka ba ta 'yan mintoci.

Wani abin da ba a faɗa a talla: maɓallin agaji da hannu ake danna shi, sai ka buɗe murfi ka riƙe. In mutum ya suma, ba abin da zai danna. A nan sawun da take ajiyewa ne ke aiki, in na gida ya ga ɗigon ya tsaya a inda ba gari ba gidan mai. Ku lissafa: kana gudun kilomita 60 a awa, tana aikawa duk minti goma, tsakanin ɗigo da ɗigo kilomita goma ke nan. In ta fashe a faɗuwar, wannan tazarar za a bi ana nema. Wasu na'urorin kuma in sun ji ba motsi sukan rage aikawa don tanadin batir, to na gida ya san da haka kada ya ɗauka shiru lafiya ce.

Alhaji Tanko: Ni duk na ji, amma akwai inda ban yarda ba. Wato duk inda na tsaya wani na zaune yana kallo? Ni mai zuwa kasuwar Ejura da ta Techiman da kuɗin masara a jiki? Wannan ai kiran ɓarawo ne da hannunka.

Rashid Tafo: Alhaji, tsoronku na kan hanya. Shafin da ke nuna sawun ana sa masa kalmar sirri, kuma kai ke zaɓar wanda za ka ba. Matsalar na zuwa ne daga masu liƙa shi a Facebook don a ga sun yi tafiya. Mutum biyu sun isa, uku in an matsa. Hotuna kuma a bari sai an dawo.

Memuna Nas: Alhaji ku faɗi gaskiya, ɓarawo kuke tsoro ko Hajiya ta ga ɗigon ya kwana a Ejura alhali an ce Techiman?

Alhaji Tanko: Memuna, zan haɗa ki da babanki.

Mudi Magazin: Hahaha, an taɓa wurin ciwo.

Alhaji Tanko: Ku yi dariyarku. Amma ga magana ta gaske, tunda Tumu za ku. Daga nan zuwa iyakar Burkina ba nisa, kuma na san halin yara, za a ce bari mu leƙa Leo mu sha shayi mu dawo. Kada ku tsallaka da wannan abu. Ƙasar na cikin yaƙi da masu tayar da ƙayar baya, har an hana hawa wasu irin babura a wasu yankunanta, don da su ake kai hari. Baƙo biyu a kan babura da na'urar tauraron ɗan'adam a kafaɗa, sojan da ya tare ku ba zai tsaya jin labarin Yaya na Amurka ba. Ko a Najeriya, a 2013 sojoji sun haramta wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya a Borno saboda irin wannan dalili. Ko a ɓangarenmu ma, shingayen da ke kusa da iyaka sun fi na da tsanani.

Rashid Tafo: Haka ne Alhaji. Indiya ma kama mutane ake yi a filin jirgi saboda ita. Kowace ƙasa da dokarta. A nan hukumar NCA ce ke kula da kayan sadarwa, kuma ba laifi Awal ya tambaye su kafin Yaya ya sa ta a kaya. Ka riƙe rasit a jaka, in an tambaye ka a shinge ka nuna ta a fili ka faɗi aikinta, kada ka tsaya ɓoye-ɓoye.

Baba Issaka: To yanzu kun zagaya kun dawo inda na tsaya. Salisu ya ce mutane ne ke zuwa, ba na'ura ba. Alhaji ya ce tana iya jawo muku tambaya. Rashid ya ce sai an biya duk wata. Me ya rage?

Salisu Rijiya: Baba, abin da ya rage shi ne kiran mutanen. Ayarin da kuka faɗa yana da mutum ɗari, in ɗaya ya faɗi akwai masu ɗauka. Waɗannan su biyu ne. Ban ce ta fi taya da hula ba, in kuɗin na ɗaya ne kawai, taya da hula zan ce su saya, ba ko tantama. Amma tunda kyauta za a ba shi, ya karɓa, ya kuma yi aikin da ke bayanta, wanda shi ne mai wuya.

Awal Sawaba: Wane aiki ke nan?

Salisu Rijiya: Ka samu mutum ɗaya a gida wanda wayarsa ba ta mutuwa, ba ya barin ta a caji ya tafi kallon ƙwallo, kuma ya san hanyar. Ba Yaya ba, shi lokacin da kuke kan titi da safe yana barci, kuma lambobin taswira ba za su gaya masa komai ba. Mai aboboya ba ya jin lambobi, sai an ce masa bayan ƙauye kaza, kafin gada, hannun dama. Na gidan ne zai buɗe taswira ya mayar da ɗigo magana. Ka ba shi takarda: ranar kaza daga nan zuwa nan, za mu kwana nan. A kowane zango, Bole, Sawla, Wa, Tumu, Navrongo, a samu lambar mutum ɗaya na gari, kuma wannan ba wuya, ba garin da ba mu da ɗan'uwa ko limamin da ya san wani a Zongonsa. Ku yanke ƙa'ida: in ɗigo ya tsaya awa ɗaya a inda ba gari kuma ba saƙo, ya rubuto muku. In rabin awa ta ƙara wucewa ba amsa, ya fara kiran na kusa, da lambar agajin gaggawa ta 112. Ku kuma in kun tsaya faci ko salla ko cin abinci, ku aika “lafiya” don kada a tayar da gari a banza. In aka tashi mutane sau biyu a kan ƙarya, na uku ba mai motsawa.

Fuseini: Bole da Sawla ina da mutane. A garin Wa akwai surukin Alhaji in ya yarda. Tumu ce ban da kowa.

Alhaji Tanko: Na yarda. Tumu ma akwai wanda nake sayen masara wurinsa, zan tura maka lambarsa ta gefe, ba a nan ba.

Memuna Nas: Ni kada a sa ni a zaman gadin waya, satin nan da na gaba aikin dare nake, da rana barci. Amma in abu ya faru a kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ku rubuta rukunin jininku da duk maganin da ba kwa sha a takarda, ku sa a aljihun jaket, ku ba na gida kwafi.

Shamsu: Ni zan iya zaman. Ina shago daga safe har dare, caji ba ya yanke min.

Fuseini: Kai da ba ka taɓa wuce Offinso ba?

Shamsu: Taswira ai ba ta buƙatar na taɓa zuwa.

Salisu Rijiya: Tana buƙata. Amma a haɗa ka da Baba: kai ido a waya, shi ya san kowace kwana a hanyar. In ɗigo ya tsaya, ka kira shi ka karanta masa sunan ƙauyen da ke kusa.

Baba Issaka: Wato ni da na ce kada a saya, ni za a ɗora wa gadinta. To na karɓa, da sharaɗi: ba tafiya bayan la'asar sakaliya, musamman tsakanin Bamboi da Bole. In na ga ɗigon nan na motsi bayan magariba, ba agaji zan turo ba, uwar Awal zan kira.

Mudi Magazin: Tunda abin ya zama na kowa, me zai hana in sun dawo ta zauna a hannun mutum ɗaya, duk mai tafiya arewa ya karɓa, mu riƙa haɗa kuɗin watan ta MoMo, wato turawa ta waya? Ni ma ina zuwa Yeji ɗauko mashin wani lokaci.

Rashid Tafo: Ana iya yi, amma da kula. Sunan da ke kan asusun da lambobin mutanen da za a kira, su cibiyar ke gani in an danna. In Maigida Mudi ya danna a Yeji aka kira Yayan Awal a Amurka ana tambayarsa wani Mudi, an ɓata lokaci. Duk wanda zai karɓa sai an shiga an canza bayanan, an haɗa na'urar da waya ta ɗauki canjin, kafin ya tashi. Kuma ta Awal ce, shi zai ce.

Awal Sawaba: Ba ni da matsala, amma bari in gaya wa mai sayen tukuna. Zan ce masa inReach ɗin, kuma ya biya wata uku na farko. In ta iso ba za mu jira ranar tafiya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Za mu fita hanyar Mampong zuwa Ejura wata Lahadi mu gwada saƙo da sawu, a fili da kuma ƙarƙashin itatuwa, Shamsu da Baba na kallo daga gida.

Rashid Tafo: Saƙo da sawu kawai. Kada wani ya ce bari ya danna na agajin ya ga ko da gaske ne.

Mudi Magazin: Kafin Lahadin ku kawo mashinan biyu in duba sarƙa da birki. Tayar bayan Fuseini na gan ta ran Juma'a a ƙofar masallaci, ko Offinso ba za ta kai ba, balle Tumu.